Haɗa aji biyu a mataki na 5: in bar su ko in hana?

Ɗan Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna jan labari a Dungeons & Dragons, wasan nan na tebur da kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya ana jifan dayis, bugu na biyar, da littafin 'yan wasa na 2014.

Teburinmu a nan Gombe mutum biyar ne, ni ne na shida mai jan labari. Muna zama ranar Asabar daga La'asar zuwa Magariba, in da wuta mu ɗan ƙara bayan Isha'i. Duk jaruman suna mataki na 4, zama mai zuwa za su hau na 5. Biyu daga cikinsu sun ce wannan matakin a wani ajin za su ɗauke shi, wato su haɗa sana'ar jaruminsu da wata.

Na farko mayaƙi ne, takobi da garkuwa, Ƙarfi 18, Basira 13. Yana son mataki ɗaya a ajin masihirci, saboda sihirin nan na Garkuwa mai ƙara maki 5 a kariya. Na biyu barde ne, wato Faladin, Ƙarfi 16, Kwarjini 16. Shi kuma ajin mai alƙawari yake so, wato Walok, ya ce guraben sihirinsa, wato adadin sihirin da zai iya yi kafin ya huta, za su riƙa dawowa bayan gajeren hutu.

Abu uku nake son sani. Me dokar ta ce daidai, me suke samu, me suke rasawa? Shin waɗannan biyun za su fi sauran ukun ƙarfi har wasan ya lalace? Sannan ina rubuta wani aji nawa na sarkin ruwa, don labarinmu a bakin kogi yake gudana, irin yankin Dadin Kowa. Yaya zan tsara shi kada kowa ya riƙa tsoma ƙafa ɗaya ya kwashe romon ya fita?

Malam na Bolari

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara da dokar, don yawancin gardamar da ake yi a tebur daga rashin karanta babi na 6 take tasowa.

Haɗa aji doka ce ta zaɓi. Littafin ya bar wa mai jan labari wuƙa da nama, in ka ce babu, babu. In ka yarda, sharaɗin shiga shi ne maki 13 a siffar da tsohon ajin ke buƙata, irin su Ƙarfi ko Basira, da 13 a ta sabon ajin. Mayaƙinka ya cika da ƙyar. Barde na buƙatar Ƙarfi 13 da Kwarjini 13, mai alƙawari Kwarjini 13, shi ma ya cika.

Inda ake ruɗewa shi ne wasu abubuwa jimillar mataki suke bi, wasu kuma matakin aji kaɗai. Ƙarin ƙwarewa, wato makin da ake ƙara wa jifan abin da jarumi ya ƙware a kai, jimilla yake bi, zai tashi daga +2 zuwa +3 ko a wane aji aka ɗauki matakin. Haka ƙarfin ƙananan sihirin nan da ba su cin gurbi, suna ƙaruwa a 5 da 11 da 17 na jimilla. Amma sara na biyu, da ƙarin makin siffa, da baiwar reshe, wato ɓangaren da jarumi ya zaɓa a cikin ajinsa, duk matakin aji suke bi. Mayaƙi 4 da masihirci 1 jarumi ne mai mataki 5, amma sara ɗaya yake yi.

Ga lissafin. Raunin takobi d8 ne, wato dayis mai fuska takwas, matsakaicinsa 4 da rabi. Ƙara 4 da Ƙarfi 18 ke bayarwa, da 2 in ya zaɓi salon yaƙi da makami ɗaya, ya zama 10 da rabi. Jifan harinsa +7 ne, a kan abokin gaba mai kariya 15 yana buƙatar 8 ko sama a d20, wato kashi 65 cikin ɗari. Sara ɗaya na ba da kusan 7 a kowane zagaye, sara biyu kusan 14. Rabin aikinsa ne zai bari, kuma a daidai matakin da dodannin littafin suke ƙara kauri saboda an san 'yan wasa sun samu sara na biyu da sihirin Ƙwallon Wuta mai raunin 8d6, wato d6 guda takwas.

Me zai karɓa a madadin haka? Ƙananan sihiri uku, littafi mai sihiri shida na matakin farko, amma biyu kawai zai iya shiryawa a rana, don lissafin shi ne ƙarin Basira, wato 1, da matakin masihirci, wato 1. Gurbi biyu, da ɗaya da zai iya dawowa da shi sau ɗaya a rana bayan gajeren hutu. Makin lafiyarsa 4 zai ƙaru maimakon 6, kafin a sa na Juriya. Kibiyar wutarsa 2d10 ce, amma +4 yake jifa da ita, rabin lokaci za ta kuskure. Duk sihirin da ke sa abokin gaba jifan tsira, wato jifan da zai yi don ya kuɓuce wa sihirin, a kan 12 zai tsaya, alhali cikakken masihirci mai Basira 18 a kan 15 yake.

Akwai kuma matsalar da ba a ganin ta sai an zo fagen fama. Sihirin Garkuwa na buƙatar furuci da motsin hannu, kuma hannun dole ya zama babu komai a ciki. Mutuminka takobi a dama, garkuwa a hagu. Sihirin martani ne, a zagayen abokin gaba ake yin sa, ba lokacin mayar da takobi kube. A zagayensa kuma abu ɗaya yake da damar taɓawa kyauta, ko ya zare ko ya mayar, ba duka biyu ba. Sai dai in ya ɗauki gwanintar nan ta mai sihirin fagen yaƙi, wadda ke ba da damar motsin hannu da makami riƙe, ita kuma sai a matakin ƙarin siffa ake ɗaukar ta a madadinsa. Mayaƙi na samun sa a 4, 6, 8, 12, 14, 16 da 19. In ya fita yanzu ya tura na 6 ɗin gaba da mataki guda.

Shawarata: ya ɗauki mayaƙi 5, ya ɗauki 6, in har yanzu yana so ya shiga masihirci a 7. Wadda ta fi wannan sauƙi ma, ka ba shi dama ya sauya reshensa zuwa mayaƙi mai sihiri, wanda ke cikin littafin tun asali. A mataki na 4 wannan reshen na da ƙananan sihiri biyu, sihiri huɗu da ya sani, da gurbi uku, kuma Garkuwa na cikin waɗanda aka halatta masa. Ya samu abin da yake nema bai rasa sara na biyu ba. Matsalar hannun dai tana nan har mataki na 6.

Game da tambayarka ta biyu, a wajen wannan mayaƙin ba ƙarfi za ka ji wa tsoro ba. Rauni za ka ji wa tsoro, da ɗan wasan da zai yi zama uku ko huɗu yana kallon abokansa na sara biyu.

'Yar Yelwa

Sannunku da ƙoƙari. Lissafin Malam na Bolari daidai yake, sai dai ban yarda a auna komai da yawan rauni ba. Mataki ɗaya na masihirci na buɗe sihirin da ake yi ba tare da cin gurbi ba in an ƙara minti goma, kamar gano sihiri, da fahimtar harsuna, da kiran ɗan aike irin mujiya ko kyanwa. Waɗannan ba ruwansu da Basira 13. In labarinku bincike da leƙen asiri ya fi yawa, kuma babu wani mai wannan aikin a cikin biyar ɗin, matakin ba asara ba ne. Lokacin ɗaukarsa ne bai yi ba.

Bari in ɗauki barden, don shi ne wanda zai iya ba ka aiki.

Sarar barde mai tsarki tana cin gurbi: 2d8 da gurbin matakin farko, a ƙara d8 a kowane matakin gurbi, iyaka 5d8. Guraben mai alƙawari daban ake lissafa su, ba su shiga teburin haɗin aji, amma ana iya ƙona su a wannan sarar. Mataki na 1 gurbi ɗaya, na 2 gurbi biyu, kuma suna cika bayan hutun awa ɗaya.

Mu ɗauka ana gajeren hutu biyu a rana, kamar yadda littafin mai jan labari ya ɗauka. Barde 4 da mai alƙawari 1 na da gurbi uku nasa, da ɗaya da zai yi amfani da shi sau uku. Sara shida, kowace matsakaicin 9, jimilla 54. Barde 5 tsantsa na da guraben matakin farko huɗu da na biyu guda biyu, wato 36 da 27, jimilla 63, ga kuma sara na biyu a kowane zagaye. To ko a abin da yake fita dominsa, in ya fita yanzu ya yi ƙasa.

A mataki na 8 ne labari ke canzawa. Barde 6 da mai alƙawari 2 na da wancan 63 ɗin, da gurbi biyu sau uku, wato ƙarin 54, jimilla 117. Barde 8 tsantsa na da guraben matakin farko huɗu da na biyu guda uku, jimilla 76 da rabi. Shi tsantsan ya samu ƙarin siffa da baiwar reshensa ta mataki na 7, amma tazarar ba ƙarama ba ce. Don haka abin da za ka gaya masa shi ne ya haƙura har barde 6. A nan yake samun inuwar kariya, wadda ke ƙara makin Kwarjininsa a jifan tsira nasa da na duk abokin da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi. Da Kwarjini 16, +3 ke nan ga kowa. Wannan baiwar ta dukan teburin ce, kuma jinkirta ta sauran huɗun take cuta, ba shi kaɗai ba.

Ka tambaye shi wane reshe yake nufi. In mai tsinanniyar takobi ne, wato Hexblade, na littafin ƙari na 2017, tun matakin farko yana sara da Kwarjini maimakon Ƙarfi, da makamin da ba dole sai da hannu biyu ba. Yau ba zai ga bambanci ba tunda duka 16 ne. Gaba ne zai gani, don duk ƙarin siffa a Kwarjini zai zuba, harinsa da inuwarsa da sihirinsa su tashi tare, alhali barde tsantsa sai ya raba. Ka sani dai ba zai iya watsar da Ƙarfi ba: sulken ƙarfe cikakke na buƙatar 15, in ba haka ba tafiyarsa ta ragu da ƙafa 10. Kana da damar cewa littafin farko kaɗai ake amfani da shi a teburinka, kuma ya fi kyau ka faɗa tun yanzu.

Linzamin wannan haɗin a hannunka yake, wato yawan hutu. In kana barin su zauna awa guda bayan kowane faɗa, gurabensa ba za su taɓa ƙarewa ba. Sa lokaci ya zama da tsada a cikin labarin: kwale-kwale zai tashi, ruwa na ƙaruwa, waɗanda ake bi suna nisa. Ko ka kafa doka a fili cewa gajeren hutu biyu ne ke da amfani tsakanin dogon hutu da dogon hutu. Wannan dokar ce kuma ke toshe dabarar nan ta haɗa mai baiwar sihiri, wato Sorcerer, da mai alƙawari, inda ake narkar da guraben da ke dawowa zuwa makin sihiri, a sake ƙera wasu guraben da su, a yi ta tarawa ba barci.

Wani abu da za ka riƙe don gaba, in wani ya haɗa azuzuwan sihiri biyu na yau da kullum. Ana tara cikakken matakin masihirci, mai baiwa, mai warkarwa (Cleric), mawaƙi (Bard) da mai dawa (Druid), a ƙara rabin na barde da mafarauci (Ranger), da kashi ɗaya cikin uku na reshen sihirin mayaƙi da ɗan sane (Rogue), ana zubar da ragowa. Wannan jimillar guraben kawai take bayarwa. Sihirin da za a shirya kowane aji nasa yake lissafawa shi kaɗai. Masihirci 3 da mai warkarwa 2 na da gurbi biyu na mataki na uku, amma ba shi da Ƙwallon Wuta, sai dai ya zuba ƙaramin sihiri a babban gurbi. Zubar da ragowar ma na cizo: barde 5 da masihirci 1 ya zama 2 da 1, wato 3, gurbi huɗu da biyu, daidai abin da barde 5 ke da shi tun kafin ya ƙara komai.

Sai maganar labari, wadda nake ganin ba a yi mata adalci. Barde rantsuwa ya yi, mai alƙawari yarjejeniya ya ƙulla da wani. Wane ne wannan wanin, me yake so, kuma ranar da buƙatarsa ta ci karo da rantsuwar wa za a bi? Ka sa wannan ya bayyana a zama biyu ko uku kafin matakin, kada a kwana barde a tashi da ubangida. Kuma a teburanmu na nan akwai waɗanda ba su sakewa da zancen ƙulla alƙawari da aljani ko da a wasa ne, kuma suna da gaskiyarsu. Ka tambayi kowa. Ana iya mayar da shi takobin gado mai nauyin amana a kansa, lambobin duk su zauna yadda suke.

Baban Wunti

Madalla da bayanan nan biyu. Ni tambaya ta uku zan ɗauka, amma sai an ga inda matsalar ta samo asali.

Wasan ya fito a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson. A littafin 'yan wasa na 1978, jinsunan da ba mutane ba ne ke haɗa aji, kuma tun ranar farko suke ɗaukar biyun tare, ana raba makin gogewa tsakaninsu. Ɗan Adam kuwa sai dai ya bar ajinsa gaba ɗaya ya koma wani. Babu maganar tsoma ƙafa. Bugu na uku, a 2000, shi ya kawo tsarin da muke kai, kowane mataki ka saye shi a ajin da kake so, ya sa tarar kashi 20 cikin ɗari na makin gogewa ga wanda azuzuwansa suka yi nisa da juna. Bugu na huɗu, a 2008, ya mayar da abin ta hanyar gwaninta. Wani wasan mai kama da wannan, Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya bi wannan hanyar ya gyara ta: ba ka barin ajinka ko kaɗan, gwanintar ajinka kake musanyawa da ta wani, kuma sai ka ƙara biyu daga wannan kafin ka buɗe wani. Wasanni irin GURPS da Call of Cthulhu kuwa ba su da aji mai matakai irin wannan, don haka ba su san wannan ciwon ba.

Tushen ciwon ɗaya ne. Mai tsara aji na son sabon ɗan wasa ya ji shi mayaƙi ne tun zaman farko, sai ya tara kayan daɗi a mataki na 1 da na 2. Ga mai farawa wannan daidai ne. Amma wanda ke mataki na 9 shi ma da mataki ɗaya zai sayi wannan tarin. Shi ya sa masihirci ke ɗaukar mataki ɗaya a mai warkarwa, reshen rayuwa, ya fito da sulke mai nauyi da garkuwa bai rasa gurbi ko ɗaya ba. Shi ya sa ake ɗaukar mayaƙi 2 don zaburar nan mai ba da cikakken aiki na biyu a zagaye ɗaya. Bugun 2024 ya mayar da zaɓen reshe mataki na 3 ga kowane aji, a na 2014 kuwa mai warkarwa da mai baiwa da mai alƙawari a 1 suke zaɓa, masihirci da mai dawa a 2. Ya rage, bai kawar ba, don mai warkarwa har yanzu na iya samun sulke mai nauyi a matakin farko, mai alƙawari kuma na iya sara da Kwarjini.

To ga abin da za ka kiyaye a sarkin ruwanka.

Duk baiwar da ke girma, ka ɗaure girmanta da matakin ajin. Dubi harin ɓoye na ɗan sane: d6 ɗaya a mataki na 1, ana ƙara ɗaya a 3, 5, 7, har goma a 19. Wanda ya tsoma ƙafa d6 ɗaya ya samu har abada. Kishiyarsa ita ce baiwar da aka ce a yi ta sau adadin ƙarin ƙwarewa, don wannan da jimilla yake tashi, mai mataki ɗaya a ajinka zai yi ta sau shida a ƙarshen wasa kamar wanda ya ba ajin rayuwarsa.

Kada ka sa musanyar siffa a mataki na 1 ko na 2, wato a sara da Hikima maimakon Ƙarfi, ko a ƙara wata siffa a kan rauni. Ita ce ta fi komai jawo masu tsoma ƙafa.

Ka rubuta jerin abin da mai shigowa daga wani aji ke samu, dabam da na mai farawa. A littafin, wanda ya shigo mayaƙi daga baya ba ya samun sulke mai nauyi, wanda ya shigo masihirci ba ya samun ƙwarewar komai, kuma ƙwarewar jifan tsira ta ajin farko ce kawai.

Babban tsalle ya zauna a 5, da 11, da 17, inda sauran azuzuwan ke nasu. In ajinka ba shi da abin da ake ɗoki a 5 da 6 da 7, kowa zai fita bayan 3, kuma ba laifinsu ba ne.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma dokar wasan ta riga ta gina wannan a ciki: aiki ɗaya, ƙaramin aiki ɗaya, martani ɗaya a zagaye, sihirin riƙe hankali ɗaya a lokaci guda. Ɗan tauri, wato Barbarian, in ya fusata ba ya sihiri ba ya riƙe shi, shi ya sa ba a haɗa shi da masihirci. Haɗa ɗan dambe, wato Monk, da barde na buƙatar 13 a siffa huɗu, wato maki 20 cikin 27 da ake sayen siffa da su wajen ƙirƙirar jarumi, ragowar 7 su tafi a Juriya 14. Ka sa manyan baiwar ajinka su ci ƙaramin aiki ko riƙe hankali, za su yi gogayya da na sauran azuzuwa maimakon su hau kansu.

Ɗan Jekadafari

Allah ya saka da alheri, bayanin ya gamsar. Zan ba mayaƙin zaɓin sauya reshe, barden kuma ya jira 6. Baba, ga abin da na rubuta wa sarkin ruwan a matakai biyun farko, a duba mini.

Dayis ɗin lafiya d10. Mataki na 1: sulke matsakaici, garkuwa, duk makamai, iyo daidai da saurin tafiya, numfashi a ƙarƙashin ruwa ba iyaka, da ƙara makin Hikima a raunin mashi. Mataki na 2: suka ɗaya na ƙari da ƙaramin aiki a kowane zagaye, da kiran igiyar ruwa mai ture abokin gaba ƙafa 15, sau adadin ƙarin ƙwarewa kafin dogon hutu. Sara na biyu a 5. Daga 6 zuwa 10 ban cika ba tukuna.

Baban Wunti

Ɗana, tunanin ajin mai kyau ne, amma mataki biyun nan sun yi nauyi. Gwada shi da kanka: ɗauki mayaƙi 5 mai Ƙarfi 18 da Hikima 14, da mashi da garkuwa, ka manna masa su. Mashi d6 ne a hannu ɗaya, 3 da rabi, da 4, da 2 na salo, da 2 na Hikima, 11 da rabi. Sau uku a zagaye, 34 da rabi in duk sun samu. Mayaƙi 7 tsantsa da takobi, ko ya kai Ƙarfinsa 20 a mataki na 6, sara biyu ne na 11 da rabi, wato 23. Sara na uku kuwa sai a 11 mayaƙi ke samun sa. Ka sayar da shi a mataki biyu.

Gyaran ba shi da wuya. Cire ƙarin Hikima daga mataki na 1, ka mayar da shi d4 sau ɗaya a zagaye, ya zama d6 a sarkin ruwa 5, d8 a 11, d10 a 17. Sukan ƙarin kada ya zama kyauta kullum: ko ya zama sai yana tsaye cikin ruwa ko a kwale-kwale, ko ya ci wani maki da ajin ke bayarwa daidai da matakinsa, kamar yadda ɗan dambe ke da maki biyu a mataki na 2, biyar a na 5. Igiyar ruwan ma daga wannan makin za ta ci, kuma abokin gaba ya samu jifan tsira na Ƙarfi a kan 8 da ƙarin ƙwarewa da Hikima. Turewa ba jifan tsira a labarin da rabinsa a bakin gaɓa da cikin kwale-kwale yake, kisa ne kai tsaye.

Iyon ka bar shi a 1, shi ne fuskar ajin. Numfashin ka fara da riƙe shi na minti goma, cikakken ya zo a 6. Sihirin numfashi a ruwa na mataki na uku ne, masihirci sai ya kai 5 yake taɓa shi, bai kamata a same shi da mataki ɗaya ba. Wannan ya cika maka 6. A 7 ka sa baiwar da ke amfanar abokan tafiya, misali duk wanda ke kusa da shi ba ya shan wahalar tafiya a laka ko ruwa mai gudu. Sharaɗin shiga kuma Ƙarfi 13 da Hikima 13, mai shigowa daga baya ya samu sulke mara nauyi da mashi da raga kawai.

Bayan gyaran ka maimaita gwajin da jarumai uku: mayaƙi 5, mai warkarwa 5, ɗan sane 5, kowanne da mataki ɗaya sannan da biyu na ajinka, ka kwatanta da tsantsansu. In haɗin ya fi tsantsan a duka ukun, akwai sauran abin cirewa.

Malam na Bolari

Ƙari ɗaya kan lokaci, Malam. Ka lissafa inda labarinku zai tsaya kafin kowa ya zana tsarinsa. In kuna hawa mataki bayan kowane zama uku, daga 5 zuwa 8 zama tara ne, wata biyu da ɗoriya in ba a fasa ko Asabar ɗaya ba, kuma ka san azumi da jarrabawa da tafiyar hutu za su ci nasu. Tsarin barden sai a 8 yake nuna kansa. In labarin a 7 zai ƙare, gaya masa tun yanzu. In kuma ka amince wa mayaƙin da sauya reshe, ku sake cike takardarsa tare kafin ranar zama, ku goge baiwar tsohon reshen, ku rubuta sihiri huɗun da abin da kowanne ke buƙata na furuci ko hannu ko kaya, don uku daga cikinsu dole su fito daga sihirin kariya ko na rugujewa, ɗaya ne kawai yake da 'yancin zaɓa daga ko'ina a jerin masihirci.